Yadda Za Ka Nuna Wa Mai Ɗaukar Aiki Cewa Ka Iya Aikin Bayan Fage

Wanda ya ƙware wajen gina fuskar manhaja ba ya shan wahalar bayani. Ya buɗe shafin da ya gina, a ga launi, a danna maɓalli, magana ta ƙare. Kai kuwa da ke aikin bayan fage, wato uwar garke (kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani) da rumbun bayanai da API (ƙofar da manhajoji ke magana da juna ta cikinta), idan aikinka ya yi kyau ba wanda ke ganinsa. Sai ranar da ya lalace ake tunawa da kai. Shi ya sa masu wannan fanni da yawa, har da waɗanda suka iya aikin sosai, suke ƙarewa da jera sunaye a takardar neman aiki: Python, Django, PostgreSQL, Docker. Matsalar ita ce duk wanda ya nemi gurbin nan ya rubuta irin wannan jerin, kuma ba abin da ke raba wanda ya yi wata shida yana fama da PostgreSQL da wanda ya kalli bidiyo ɗaya a kansa.

Injiniyan da zai duba aikinka tambaya ɗaya ce a ransa, ko bai furta ta ba: idan na miƙa wa mutumin nan rumbun bayananmu, zan iya barci? Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na amsa wannan tambaya da abin da ido zai gani, don gani ya kori ji.

Mataki na 1: Tsaya a kan harshe ɗaya

Tattara tallace-tallacen aiki kamar 15 na irin gurbin da kake so, ka karanta su da biro a hannu. Za ka ga wasu sunaye suna maimaituwa. Zaɓi harshe ɗaya da firemwok ɗinsa (shiryayyen ginshiƙin da ake gina manhaja a kai) ko makamancinsa daga cikinsu: Python da Django ko FastAPI, JavaScript da Node.js, Java da Spring, ko Go. Ƙara rumbun bayanai ɗaya mai amfani da SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, kuma ni PostgreSQL nake ba da shawara. Kada ka ɓata mako guda kana tunanin wanne ya fi. Kowannensu ana ɗaukar aiki da shi. Mai zurfi a ɗaya ya fi mai ɗanɗana biyar.

Mataki na 2: Zaɓi aikin da ke da matsala ta gaske a cikinsa

A nan mafi yawan mutane ke zamewa. Suna bin darasin bidiyo, su gina manhajar jera ayyukan yini ko ta rubuta gajerun saƙonni, su ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, su ce ga shaida. Mai dubawa ya ga irin wannan har ya gaji, kuma ya san cewa ba a yanke wata shawara mai wuya wajen gina ta ba. A saka bayani, a karanto shi, a gyara, a goge. Wannan shi ne abacadan aikin, ba a ɗaukar mutum don ya iya abacada.

Nemi aikin da abu zai iya lalacewa a cikinsa ta hanyar da za ta cuci mutum. Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne manhajar kama kujera a zauren taro. Zaure yana da kujeru 200, mutane suna shiga su zaɓi kujera, a riƙe musu ita na minti 10, su biya, ta zama tasu. A ido kamar ƙaramin aiki ne. Amma dubi abin da ke ciki: mutum biyu za su iya danna kujera ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Intanet zai iya yankewa bayan an cire kuɗi, kafin amsa ta dawo. Wani zai riƙe kujera ya tafi abinsa. Wani kuma zai gwada leƙa tikitin da ba nasa ba. Kowanne daga cikin huɗun nan tambaya ce da ake yi a ganawar ɗaukar aiki, kuma kai za ka je da amsarta a gine.

Ba dole sai kujeru ba. Lissafin kayan da ke sito, ko ba da lokacin ganin likita, ko tura kuɗi tsakanin asusu biyu, duk suna da irin wannan ƙashi. Abin lura kawai: aiki ɗaya da aka kai ƙarshensa ya fi guda shida da aka bari a rabi. Fuska kuma kada ta ɗauke maka hankali. Ba a kanta za a auna ka ba.

Mataki na 3: Fara da rumbun bayanai, ba da kod ba

Ɗauki takarda ka zana teburanka kafin ka rubuta layi ɗaya: masu amfani, taruka, kujeru, riƙon kujera, biyan kuɗi. Ja layi tsakaninsu, ka nuna wane ne ke nuni zuwa wane. Ƙwararru da yawa idan suka buɗe aikin mutum, tsarin teburan suke fara dubawa, domin kod mara kyau ana iya gyara shi a yini ɗaya, amma tebur mara kyau yana bin kamfani shekaru.

Ƙananan abubuwa uku a nan suna nuna wanda ya san hanya. Na farko, kuɗi ba a ajiye shi da lamba mai ɗigo irin ta float. Buɗe Python ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba a mafi ƙanƙantar ɓangarensa, ko da nau'in NUMERIC. Na biyu, lokaci a ajiye shi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sai a juya shi zuwa agogon mai amfani a wajen nunawa. Na uku, duk canjin da za ka yi wa tebur ya bi ta fayil ɗin sauyi da ke cikin kod ɗinka, kamar yadda Django ke yi da makemigrations, ba ka shiga rumbun ka canza da hannu ba. Ta haka wanda ya sauke aikinka zai iya gina rumbun daga tushe.

Dokokin da ba a son karyawa kuma ka ɗora su a kan rumbun kansa. Idan imel ɗaya ba ya buɗe asusu biyu, saka masa UNIQUE. Idan farashi ba ya zama ƙasa da sifili, saka CHECK. Kod yana mantuwa, rumbu ba ya yi.

Mataki na 4: Kujera ta ƙarshe

Wannan shi ne zuciyar aikin, a nan ya kamata ka zauna.

Yadda sabon mai koyo ke rubuta shi: a duba ko kujera babu kowa, idan babu, a rubuta sunan mai nema. A kwamfutarka, inda kai kaɗai ne ke dannawa, zai yi aiki kullum. Amma tsakanin dubawa da rubutawa akwai ɗan gibi, ko da na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne. Buƙata ta farko ta duba, ta ga babu kowa. Kafin ta rubuta, ta biyu ma ta duba, ta ga babu kowa. Duk biyun suka rubuta. Ranar taro mutum biyu su tsaya a kan kujera ɗaya, kowa da tikitinsa na gaskiya.

Hanyoyin toshe gibin nan aƙalla biyu ne, kuma ya kamata ka san duka. Ta farko, ka kulle layin kujerar. A PostgreSQL, ka buɗe ma'amala da BEGIN (wato jerin umarni da ko dai su gudana duka ko a soke su duka), ka karanto kujerar da SELECT ... FOR UPDATE. Duk wata buƙata da ta zo neman layin nan za ta tsaya jira har ka gama da COMMIT, sannan ta ga cewa an riga an ɗauka. Ta biyu, ka bar rumbun ya yi hukunci: ka gina fihirisa (jerin da rumbu ke nemo layi da shi) ta UNIQUE, mai hana maimaici, a kan taro da kujera, wadda ta shafi riƙon da ke raye kawai, sai kowa ya gwada rubutawa. Ɗaya zai shiga, sauran rumbun zai ƙi su, kai kuma ka kama kuskuren ka mayar da lambar 409, wadda ke nufin an yi karo. Ta biyun ta fi sauƙi kuma ta fi wuyar karyewa. Ta farkon tana da amfani idan akwai lissafin da za a yi kafin a rubuta, kamar rage adadin kayan da suka rage. Zaɓi ɗaya, ka rubuta dalilinka. Dalilin nan ya fi kod ɗin daraja a wurin mai dubawa.

Sai batun biya sau biyu. Mutum ya danna biya, buƙata ta isa uwar garke, an cire kuɗi, amma amsa ta ɓace a hanya. Wayarsa ta sake aikowa. Idan ba ka shirya ba, an cire masa sau biyu ke nan. Maganin shi ne kowace buƙatar biya ta zo da wata lamba ta musamman daga wurin mai aikowa, ka ajiye lambar tare da sakamakon. Idan lambar ta sake zuwa, ka mayar da tsohon sakamako, kada ka taɓa kuɗi. Kamfanin Stripe haka yake yi da abin da ya kira Idempotency-Key, kuma bayanin yadda yake aiki yana nan a fili cikin takardunsu. Ba sai ka haɗa da banki na gaske ba. Rubuta ɗan kod da ke kwaikwayon mai karɓar kuɗi, ka sa shi ya riƙa jinkiri ko ya gaza lokaci-lokaci da gangan. Hakan ma ya fi nuna gwaninta, tunda ka nuna yadda manhajarka ke tsayawa idan na waje ya faɗi.

Riƙon minti 10 kuwa, ko dai ka sa wani aiki na gefe ya riƙa share waɗanda lokacinsu ya wuce, ko ka riƙa duba lokacin ƙarewa duk sanda aka nemi kujerar. Yi tunani a kan abin da zai faru idan biya ya iso a minti na 11. Ba amsa ɗaya ce daidai ba, amma dole ka yanke hukunci, ka kuma san ka yanke.

Mataki na 5: Tsaro

Kalmar sirri ba a ajiye ta yadda take, kuma ba a ajiye ta da tsofaffin hanyoyin rikiɗa rubutu irin su MD5 ko SHA-1. Yi amfani da bcrypt, wanda yake nan tun 1999, ko Argon2, wanda ya ci gasar tsare kalmar sirri a 2015. An gina su da gangan su yi nauyi, don ɓarawon da ya sace rumbu ya sha wahalar canka.

Ka bambance sanin waye mutum da sanin abin da aka yarje masa. Lambar 401 tana cewa ban san ka ba, 403 tana cewa na san ka amma ba ka da izini. A jerin manyan haɗurra goma na 2021 na ƙungiyar OWASP, mai aiki kan tsaron manhajoji, karyewar iyakar izini ce ta zo ta ɗaya. Siffarta mafi sauƙi: tikitina yana a adireshi mai ƙarewa da 41, na canza shi zuwa 42, sai na ga tikitin wani. Mai dubawa zai iya gwada wannan a cikin minti ɗaya, kuma yana gwadawa. Kada ka taɓa manna rubutun mai amfani kai tsaye cikin jimlar SQL, bar laburaren, wato shiryayyen kod ɗin da kake magana da rumbu da shi, ya shigar da shi ta gurbinsa.

Abu ɗaya da yake ba ni takaici duk sanda na gan shi: kalmar sirrin rumbu ko mabuɗin API kwance a cikin kod a GitHub. Na ga aikin da aka yi da ƙoƙari na gaske ya zube a idon masu dubawa saboda wannan kaɗai. Sirri yana zama a fayil ɗin .env, shi kuma a saka shi cikin .gitignore tun ranar farko, a bar .env.example mai guraben da ba komai. Idan ka riga ka tura sirri, goge shi a komit na gaba (wato ajiyar canjin kod ta gaba) bai wadatar ba, domin Git, manhajar da ke bin sawun canje-canjen, yana riƙe da tarihi. Soke mabuɗin ka fitar da sabo.

Mataki na 6: Gwajin da ke magana a madadinka

Ba yawan gwaji ake nema ba. Gwaji ɗaya nake so ka tabbata yana nan: wanda ke harba buƙatu 50 a lokaci guda kan kujera ɗaya, ya tabbatar ɗaya ce ta samu, 49 sun dawo da 409. Gudanar da shi a kan PostgreSQL na gaske, ba na kwaikwayo ba, don kulle-kullen da kake gwadawa na rumbun ne. Kafin ka saka maganin, fara gudanar da gwajin ka ga ya faɗi. Gwajin da bai taɓa faɗuwa ba bai tabbatar da komai ba.

Ƙara na biya sau biyu, da na leƙa tikitin wani, da na riƙon da lokacinsa ya ƙare. Sannan ka haɗa GitHub Actions ya riƙa gudanar da su duk sanda ka tura kod. Fayil ɗaya ne ƙarami, amma yana gaya wa kamfani cewa ka san yadda ake aiki cikin tawaga.

Mataki na 7: Auna, ka rubuta abin da ka gani

Kowa yana cewa manhajarsa tana da sauri. Kai ka zo da awo. Cika rumbunka da layuka miliyan ɗaya na bogi, generate_series na PostgreSQL zai yi maka wannan cikin sauƙi. Ɗauki tambayar da aka fi yi, a ce neman tikitocin mutum ɗaya, ka sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta. Idan ka ga Seq Scan, rumbun yana bin teburin layi-layi ne. Gina fihirisa a kan gurbin da ake nema da shi, ka sake aunawa, ka ajiye sakamakon biyu.

Duba kuma ko shafi ɗaya yana aika tambaya ɗaya don jero taruka, sannan wata tambaya daban ga kowane taro. Ana kiran wannan N+1, kuma firemwok masu ɓoye SQL suna jefa mutum ciki ba tare da ya sani ba. A Django, select_related da prefetch_related ne maganinsa. Daga nan ka ɗora wa manhajar nauyi da k6 ko Locust, kayan aikin da ke kwaikwayon masu amfani da yawa a lokaci guda. Kada ka tsaya a matsakaicin lokaci, domin yana ɓoye waɗanda suka sha jira. Rubuta p95, wato lokacin da kashi 95 cikin 100 na buƙatu suka dawo a cikinsa. Faɗi irin na'urar da ka yi awon a kanta, kuma kada ka ƙara ko ɗigo a kan abin da ka gani.

Mataki na 8: Sauƙaƙa wa mai dubawa

Mutumin da zai duba aikinka yana da nasa aikin, mintuna kaɗan zai ba ka. Idan sai ya girka abubuwa bakwai kafin manhajar ta tashi, zai rufe ya wuce. Haɗa komai da Docker, kayan aikin da ke ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata, yadda umarni ɗaya, docker compose up, zai tayar da manhajar da rumbunta da bayanan gwaji. Ɗora ta a intanet a wata uwar garke mai araha, ka ba da asusun gwaji. Bayanin API ɗinka ya kasance a tsarin OpenAPI don a iya gwada shi daga burawuza. FastAPI yana fitar da wannan da kansa a /docs. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta rajistar abin da ke faruwa, kowace buƙata da lambarta, don idan abu ya lalace a iya bin sawu.

Fayil ɗin README shi ne ƙofar gidan. Layuka uku na farko su faɗi abin da manhajar ke yi da matsalar da ta warware. Sai yadda ake tayar da ita, sai zanen tebura, sai sashen da na fi so: shawarwarin da na yanke da dalilansu. Me ya sa fihirisa ba kulle ba, me ya sa ba ka saka Redis (ma'ajiyar bayanai mai sauri) ba, me za ka canza idan masu amfani suka ninka sau ɗari. Rubuta kuma abin da ka san bai cika ba. Injiniya yana yarda da wanda ya san raunin aikinsa fiye da wanda ke cewa ba aibi.

Tarihin komit ma ana karanta shi. Komit ɗaya mai ɗauke da aikin duka yana sa a yi zargin kwafa. Ƙananan komit masu saƙo bayyananne, irin su "toshe kama kujera sau biyu", suna nuna yadda tunaninka ya tafi.

Mataki na 9: Shiga kod ɗin wasu

A wurin aiki, yawancin lokacinka zai tafi ne wajen karanta kod ɗin da wani ya rubuta shekarun baya. Nemi laburaren da ka yi amfani da shi a aikinka, ka duba matsalolin da aka yi wa alamar good first issue, ka gyara ɗaya. Ko ƙarami ne. Abin da kamfani zai gani shi ne yadda ka karɓi gyara daga masu kula da aikin, da yadda ka amsa ba tare da fushi ba.

Mataki na 10: Takarda da ganawa

A takardar neman aiki, maye gurbin jerin sunaye da jimlolin da ke faɗin abin da ka yi da sakamakonsa: na gina API na kama kujera da ke hana a sayar da kujera ɗaya sau biyu, an gwada shi da buƙatu 50 a lokaci guda, na rage lokacin tambaya daga kaza zuwa kaza da fihirisa. Saka adireshin aikin a saman takardar. A shafinka na GitHub, maƙala shi a gaba, ka ɓoye tarkacen darussa. Idan ka taɓa aiki a wani kamfani, kod ɗinsu amana ne, kada ka ɗora shi. Ba da labarin matsalar da yadda ka warware ta, ban da sirrinsu.

Idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta wani sashe, ba laifi ba ne, amma duk layin da ba za ka iya bayaninsa ba ka zauna ka fahimce shi ko ka cire shi. A ganawa za a nuna wuri a ce me ya sa, kuma shiru a nan ya fi rashin aikin muni.

Shirya bayanin minti biyar ka maimaita shi da babbar murya: matsalar, yadda ka fara yin ta ba daidai ba, gwajin da ya tona kuskuren, gyaran, awon. Za su tura ka gaba da tambayoyi, misali idan uwar garke ta zama biyu fa, kullen zai ci gaba da aiki? Idan a rumbun bayanai kullen yake, zai yi, tunda duk biyun rumbu ɗaya suke wa magana. Idan a ƙwaƙwalwar manhajar yake, ba zai yi ba. Inda aka kai ka wurin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bincika: wace rajista za ka buɗe, wane gwaji za ka rubuta, wane awo za ka fara dubawa. Daren da ganawar za ta kama gobe, sauke aikin a wata kwamfuta daban, ka bi README ɗinka layi-layi kamar baƙo, ka tabbata ya tashi kuma adireshin da ke kan takardarka yana buɗewa.